Kore da Ja a Taswirar Baba Alhusaini

Ina tsakar gida ina tankaɗe gari Musa, ɗan Baba Alhusaini, ya kira ni a waya. "Yaya Rabi, Baba ya cika," ya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Alhusaini, wanda ya koya mini aikin gandun daji a Arlit, ya rasu bayan doguwar jinya.

Da aka turo ni nan daga Damagaram, dariya na yi. Wane daji zan tsare a garin da ba komai sai tsakuwa da tsibin turɓayar ma'adinai? Washegari Baba ya kai ni wani kwari bayan Akokan, ya sa na durƙusa. A gindin busasshiyar ƙaya sai ga 'yan tsiron aduwa da magarya, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ya ɗebi ƙasa, ya jiƙa ta da ruwan gora, ya murza har ta yi zare. Hausarsa ta mutanen Abzin ce, mace da namiji duk "shi" ne, mun sha tsokanarsa a kan haka. "Wannan ƙasa yana riƙe ruwa," in ji shi. "Raƙumi ya kawo iri cikin kashinsa, ƙasa ya ɓoye shi. Aikinmu mu ƙyale shi."

Shekaru ya yi yana haƙa ramuka kwari-kwari, yana zana taswira. Inda laka ke da zurfi, itace ke tsirowa da kansa, ya shafa kore. Inda fako ne mai gishiri, ya shafa ja. In manya suka yi jawabin kishin ƙasa, sai ya raɗa mini: "Kowa yana son ƙasa da baki. Ki ce ya duƙa ya taɓa shi."

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi da wannan taswira. Wani ɗan kwangila ya zo biro, wato ofishinmu, da zaƙin baki, wai yana so ya san inda itatuwa ke tsirowa don motocinsa su kauce. Baba ya yi murna, ya ba shi kwafi, har mota ya raka shi. Ba a daɗe ba kamyo, manyan motocin ɗibar ƙasa, suka sauka daidai kan koren, domin lakar da ke riƙe ruwa ita ce ke yin tubali mai kyau. Baba ya tsaya gabansu da sandarsa, direbobi suka kewaye shi suka wuce. Ya kai ƙara, aka ce ana dubawa. Har ya kwanta ciwo ana dubawa.

Ranar addu'ar uku manya suka zo ta'aziyya da manyan riguna, suka sanar za a dasa itatuwa da sunansa a bakin hanyar shiga gari, inda kowa zai gani. Na san wurin sarai, domin ni na riƙe masa awo ranar da ya shafa masa ja. Matarsa, Inna Fatima, ta ja ni ɗaki ta ce, "Rabi, wurin nan zai yi?" Na kasa yi mata ƙarya. Sai ta ce to kada su sa sunan mijinta a kan abin da zai bushe.

Rabin kwarin da ya fara kai ni yana nan, tsiron ma yana nan. Jiya na je na gani, kuma na tarar da kamyo na lodi. Mai son karrama Baba Alhusaini ya tsayar da motocin nan. Bai taɓa roƙon a dasa masa komai ba, cewa ya yi a ƙyale.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba Inna Fatima da Musa da ƙannensa haƙurin rashi. Ƙasar da ya ƙare rayuwarsa yana duƙa mata, Allah Ya sa ta yalwata masa makwanci.