Tsahara da Barkono

Tsahara mutuniyar Tajaye ce. Fari ne ya koro ta Malbaza bayan mijinta ya tafi cin rani bai komo ba. Ta samu aikin wankau a gidan wani bature mai gyaran injin siminti. Da baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar mata ɗan karensa, wani guntun abu mai gashi buzu-buzu, bai fi zakara girma ba. Ta sa masa suna Barkono.

Daga baya ta kafa rumfar shinkafa da wake a bakin hanya, inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke layin ɗaukar siminti. Direbobi suka mai da karen abin wasa. Wani Dogo ya fi kowa mugunta, ya ja masa wutsiya, ya ɗana masa wutar sigari a kunne, ana ta dariya. Ran nan Barkono ya cafke babban yatsansa har ƙashi. Dogo ya yi kururuwa, ya yarfe shi, ya bi shi da shuri har ya bugu da duro. Haƙarƙari ya karye. Tsahara ta yi ta gasa masa da ruwan zafi har ya miƙe.

Tun daga nan ba wanda ya tsira sai ita. Ya yage agarar mai kawo ruwa, ya fasa diddigen maƙwabciya. Labo, ƙanen Tsahara, ya zo har rumfa.

"Yaya, wanga kare ya lalace. Ba ni shi in kai shi daji."

"Ba shi ya fara ba," in ji ta. "Ɗaure shi za ni yi."

Ta ɗaure shi a gindin turmi.

Da kaka ɗiyarta Shatu ta zo daga Konni da goyonta, A'i, mai rarrafe. Da hantsi suna tsintar wake, yarinyar ta rarrafa ta sa hannu a kwanon karen. Ko haushi bai yi ba. Ya daka tsalle ya kama kumatunta, yana girgiza kai. Shatu ta ja ƙafafunsa tana ihu, ya ƙi saki, jini na zuba a wuyan yarinyar.

Tsahara ta ɗauki taɓarya. Bugun farko a baya, ya saki, ya juyo yana kallonta. Ta ƙara masa a kai, ta ƙara, har Labo ya rugo ya riƙe hannunta.

"Ya mutu, Yaya. Ya isa."

A kamiyon Dogo aka kai A'i asibitin Konni, don shi ne a gaban layi. Tsahara na rungume da jikarta har suka isa. Aka ɗinke kumatun, aka yi ta yi mata allurar cizon kare a ciki.

A'i ta warke, da tabo daga kunne zuwa haɓa. Shatu ba ta sake kwana gidan uwarta ba. Da damina ta faɗi, Tsahara ta kwance rumfar, ta koma Tajaye noman gero.