Yatsan Maƙwabcinmu na Gabas

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna na yanke shawarar sayar da gidanmu na Kurfi, in dawo da ita Dutsin-Ma kusa da asibiti. Mai saye ya samu, wani Kirista ma'aikacin lafiya, mutumin kirki, amma ya ce sai ya ga takarda. Gidan kuwa ba shi da ko ƙyallen takarda, da goro da shaidu mahaifina ya saye shi. A ofishin filaye aka ce in kawo takardar mai unguwa, maƙwabta huɗu su dangwala yatsa a kan iyaka.

Uku suka dangwala. Saura na gabas, wani dattijo mai sayar da hatsi, aminin mahaifina. Na same shi a zaure da hantsi, na buɗe tawada.

"Ba ni sa hannu," in ji shi. "Wa ka taya ma gidan kahin ka kai shi ga baƙo?"

A garinmu ba a sayar da gida sai an fara yi wa maƙwabci tayi. Na sani sarai, gaggawa ce ta mantar da ni. Da na ce a yi haƙuri, da an wuce wurin. Amma ni zuciya gare ni kamar garwashi.

"Baba, uwata na kwance, kai kana zancen tayi?"

Na cafki hannunsa na dama zan tura cikin tawada da ƙarfi. Ya fizge, na murɗe, na ji ƙas! Ya yi wata ƙara da har yau nake jinta. 'Ya'yansa biyu suka fito, babban da taɓarya. Ya sauke mini ita a kafaɗa, na rarumi benci na maka wa ƙaramin a goshi, jini ya wanke masa fuska. Suka kayar da ni suna tattakawa, na tofar da haƙori biyu a kan buhun gero. Sai da mahautan da ke bakin layin suka bar nama suka zo aka ɓamɓare mu.

Bayan sati mai unguwa ya tara mu. Dattijon ya zo da hannu ɗaure cikin kara, ya karɓi sabuwar takarda, ya dangwala da hagu. Bai dube ni ba.

"Ba ni da halin sayen gidan nan," ya ce. "Da ka tambaye ni, albarka kawai zan sa maka."

Kunya ta kashe ni a tsaye. An sayar da gidan, Inna ta zo Dutsin-Ma, ta samu sauƙi har tana taka ƙafa. Hannunsa kuwa bai ɗoru daidai ba. Ranar sunan jikansa na je neman gafara, na tarar da shi ya juya wa mutane baya, yana cin tuwo da hagu.