Kwaɗon Yaɗiya da Mangwaro

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Maruta tun ina ƙarama. A bazara ta rasu, lokacin da mangwaro ke nuna, yaɗiya kuma tana kore shar a jikin danga duk da zafin rana. Shi ya sa da na ga an fara jibge mangwaro a bakin titin Birnin Kudu, sai in ji kamar tana kirana daga jikin danga.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Da kwaɗo aka san ta. Za ta tsinko yaɗiya ta dafa ta matse, amma ba ta sake mata ruwa kamar sauran mata, don tana son ɗacin ya tsaya. Sai ta jiƙa tsamiya a ƙoƙo, ta tace, ta zuba man gyaɗa da gishiri da yaji, ta kaɗa har su haɗe, ta kwarara a kan ganyen da garin ƙuli-ƙuli. Sannan ta sa mangwaro. Baba yakan leƙa faranti ya ce, "Rabi, wannan kwaɗo ne ko kasuwar Gwaram?" Ta ce, "Yaya, in ba ka ci, matsa, ka tare min haske." Shi ne kuma mai suɗe farantin.

Ba ta taɓa ci ita kaɗai ba. A wurinta kwaɗo ba abincin mutum ɗaya ba ne. Jikin danga take tsayawa ta kira maƙwabta da sunayensu, a shimfiɗa tabarma, kowa ya sa hannu.

Yanzu ina koyarwa a Birnin Kudu, a ɗakin haya mai katangar bulo da ƙofar ƙarfe. Baba ma ya bi Gwaggo, ya rasu. Matan tabarmar nan wasu sun rasu, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga hotunan da ke yawo a waya, ganye da 'ya'yan itace an jera su kamar furanni. Dariya za ta yi, ta tambaya ina masu ci. Tsorona shi ne ɗanɗanon nan ya ƙare a bakina, ba wanda ya karɓa.

Bana na ce ba zan ci ni kaɗai ba. Na sayi yaɗiya wurin wata dattijuwa daga Surko, na haɗa komai yadda na sani, na yanka mangwaro manya-manya na jera a sama ya yi kyau. Na kai wa maƙwabciyata, Maman Walid, wadda na sha ba ta labarin Gwaggo. Ta buɗe ta ce, "Malama, yaɗiya? Rabona da ita tun ina gidanmu. Allah ya jiƙan Gwaggo."

Bayan la'asar ta dawo min da kwanon a rufe, tana 'yar dariyar kunya. "Yara sun tsince mangwaron tas, sun ce a gode miki. Ganyen kam ya fi ƙarfinmu, ban kuma so a zubar."

Na zauna a bakin ƙofa ina cin ganyen, sai hannun Gwaggo ya dawo min a rai. Ita ƙanana take yanka mangwaron, kamar ƙwayar wake, ta cuɗa da hannu har ya ɓace cikin ganyen. Na sha kallonta ina zaton sabo ne kawai. Ashe ta san mutane. Wanda ya zo neman zaƙi a farantinta, dole ya haɗiye ɗacin tare, kuma a haka yake sabawa har ya dawo da kansa.

Abin da ya rage min nata ke nan: ƙaramin yanka, da rashin gajiya da kiran mutane. Akwai sauran yaɗiya a kwando, da mangwaro ɗaya. Na wasa wuƙa. Gobe zan sake ƙwanƙwasa ƙofar Maman Walid, ko da kwanon zai kuma dawowa.