Batirin da Ya Kai Mu Kontagora

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da malamar asibitin ƙauyenmu, wadda kowa a garin ke kira Mama. Masu bibiyar hotunan aikina a nan sun san ni kafinta ne, kuma sun san injin ɗaure sukuru mai batir da yayana ya aiko min daga Kudu, don na cika musu ido da hotonsa. To, wannan injin ne sanadin tafiyar. Na naɗe shi da batirinsa da cajarsa a cikin tsohon zanen matata, na sa a jaka, na rungume a ƙirji.

Ga yadda abin yake. Iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin haihuwa na asibitinmu. Mutanen gari suka haɗu, na masallaci da na coci, suka sayo kwano irin dogon nan na zamani wanda ba a buga masa ƙusa, sai sukuru mai roba a wuya. Aka ba ni aikin. Na rufe rabi ke nan batirin ya daina karɓar caji. In na zura shi a caja sai jar fitila ta yi ta ƙiftawa, daga safe har yamma, ba abin da ke shiga. Batirin kuwa ɗaya ne tak. Na gwada ɗaure sukurun da hannu, wuni guda na yi falle ɗaya, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Sauran rabin ɗakin tamfol ne a kai, hadari yana haɗuwa kusan kowace yamma, kuma Mama ta ce akwai mata uku da watansu ya tsaya. Da ta ji zan je Kontagora sai ta ce da ma tana da kayan aiki da za ta karɓo, mu tafi tare.

Babura biyu muka hau zuwa Nasko. An yi yayyafi kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, ko'ina manoma sun fito da garma da shanun huɗa tun gari bai gama wayewa ba. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanya. A wani kwari mai laka sai da muka sauka muka taka da ƙafa, Mama ta ɗage zaninta ta riga ni hayewa, tana yi min dariya wai ina tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Ban musa ba. Rabona da Kontagora an kwana biyu sosai, kuma duk da damuwar batirin, zuciyata fes take kamar ranar sallah.

A tashar Nasko muka karya da waina mai zafi da miyar taushe, muka kora da kunun gyaɗa. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi, direba ya ce in tambayi gidan mai. Muka shiga bas, mu huɗu a kujerar mutum uku, ga buhunan gyaɗa a ƙarƙashin ƙafa, ga wata akuya a but da ke sa baki duk lokacin da muka faɗa rami. Hira ta kaure da Hausa kala-kala: wani da karin Kambarci, wata da na Dukanci, wani Bafulatani a gaba yana amsa waya da Fulatanci yana juyowa yana ba mu labarin farashin shanu. Wani ɗan kasuwa ya ce ya daina bin hanyar Kasuwan Garba sai ranar da aka tafi a ayari. Aka yi addu'ar zaman lafiya, kowa da irin tasa, sannan mai gyaɗa ya dawo da mu kan maganar taki.

Da muka hau babban titi tafiya ta miƙe, sai dai manyan motoci da ramuka. Gefen hanya kuwa mangwaro ne tuli-tuli a kwanduna, arha kamar a ce ɗauki kyauta. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ce in buɗe jaka. Da ya ga injin sai ya ja da baya kaɗan, don siffarsa ta yi kama da ƙaramar bindiga. Mama ta ce masa, "Ɗana, wannan ko sukuru ya kasa harbawa, shi ya sa za mu kai shi asibiti." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kontagora. Garin ya cika ya batse fiye da yadda na bar shi. Keke mai ƙafa uku ko ta ina, shagunan sola a jere, masu busasshen kifin Yawuri suna kiran ciniki, masu kayan feshi da iri sun baza haja saboda damina. Na yi ta waige-waige har sai da Mama ta ja hannun rigata daga gaban wani mai baro.

Shagon farko na masu kayan gini ne. Mai shagon ko karɓar batirin bai yi ba, daga nesa ya ce ya mutu, in sayi sabo. Irin nawa kuma babu, sai an yi odarsa daga Legas, sati biyu ko uku, kuɗinsa kuwa ya haura na buhun dawa biyu. Sati uku a farkon damina, ai ɗakin ya zama tafki.

Na biyu wani mai gyaran wayarin ɗin babur ne da aka nuna mana. Shi ya karɓa da fara'a, ya ce barci kawai batirin ya yi, yanzu zai tashe shi. Ya jawo batirin mota da wayoyi biyu tsirara. Ya ɗora ɗaya, yana kai ta biyun sai tartsatsi ya tashi, wani ƙauri ya bugi hancina. Kafin in yi magana Mama ta miƙa hannu ta ɗauke batirin ta sa a jakarta. Ta ce ita dai a aikinta ba a yi wa mara lafiya allura kafin a auna shi. Mutumin bai ji haushi ba, shi ne ma ya ce mu shiga layin masu gyaran waya mu tambayi Injiniya.

Na zaci zan tarar da wani ƙato mai baƙin mai a riga. Sai ga wata mata, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, sanye da hijabi da tabarau, zaune a ɗan shago tsaf, fitilun sola da rediyoyi da batiran kwamfuta jere a kanta, kowanne da takardar sunan mai shi. Na yi sallama na ce Injiniya nake nema. Ta ce in zauna, na same ta. Kunya ta ɗan kama ni, Mama kuwa har da gyara zama.

Yadda ta bi aikin daki-daki ya burge ni ƙwarai. Ba ta fara da batirin ba. Cajar ta fara jonawa, ta ɗora mata tsinkayen mitar awo, ta ce caja lafiya lau. Sannan ta haska bakin batirin da tocila, ta sa ɗan buroshi ta fito da garin katako da ni kaina ban san yana ciki ba, ta goge ƙarafan bakin da auduga da sifirit har suka yi ƙyalli. Ta ce sau da yawa iya nan matsalar take. Muka zura a caja. Jar fitila ta ci gaba da ƙiftawa. Ta auna batirin da mita, ta girgiza kai, ta ce wutar da ke ciki ta yi ƙasa sosai, shi ya sa cajar ta ƙi amincewa da shi.

"Malam, ruwa ya taɓa shi?"

Na ce a'a.

"Kana barin sa a rana?"

Na ce wani lokaci, in ina kan rufi.

"Ya taɓa faɗuwa?"

Na ce bai taɓa ba. Wallahi ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ina jin tsoro nake kada a ce ni na kashe kyautar yayana da hannuna, na kuma jawo wa gari jinkiri.

Mama ta yi gyaran murya. "Ranar Talata fa, ɗana? Ina cikin ɗakin ina jera magani, abu ya faɗo ta tsakanin katako ya daki siminti, har na ce ko kai ne."

Injiniya ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta ya motsa. Ta ce da na faɗa tun farko da mun rage rabin awa. Ta ɗauko wata 'yar sukurudireba mai bakin tauraro ta kwance murfin. Karon farko ke nan da na ga cikin batir: ƙwayoyi biyar kamar na tocila, kwance a jere, an haɗa kawunansu da siraran ƙarafa, ga ɗan allo kore a sama. Ta nuna min da bakin biro. Ƙarfe ɗaya ya ɓalle daga mazauninsa, ƙwayar da ke kusurwa kuma ta loɓa. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya, huɗu da ransu, ta biyar babu komai. Ta ce loɓaɓɓiyar ƙwaya irin wannan in aka matsa mata wuta da ƙarfi tana iya kamawa, kuma wutarta ba ta jin ruwa da sauƙi. Na tuna mai wayoyi tsirara, na dubi Mama, ta kawar da kai kamar ba ita ba.

Ta ce tana da ƙwaya irin tasu, amma ba za ta haɗa sabuwa da tsofaffi haka nan ba, sai ta yi wa kowacce caji daban har ƙarfinsu ya zo ɗaya. Mu dawo bayan azahar.

Muka raba hanya, Mama ta tafi karɓo kayanta, ni na yi sallah na shiga kasuwa. Na sayi ƙarin sukuru da sabon bakin inji, na saya wa matata kifi da atamfa mai ruwan ganye. Muka haɗu a wata rumfar abinci, tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, irin wanda sai ka sassauta ɗamara. Amma rabin hankalina yana shagon nan. Ina cin tuwo ina kallon gabas, inda gajimare ya fara yin duhu.

Da muka koma an ɗauke wuta a layin gaba ɗaya, janareto sai ruri suke. Na zaci aikin ya tsaya ke nan. Ashe ita da sola take aiki. Ta riga ta jera ƙwayoyin, ta jawo wani ɗan injin walda da ta ce ita ta haɗa shi da kanta, ta ɗora ƙarfen, ƙyas, ƙyas, sau huɗu, ya kama. Ba ta yarda da dalma a kan ƙwaya ba, ta ce zafinta yana lalata su. Ta mayar da murfi, ta miƙo min ta ce ni zan zura da hannuna.

Na yi bismillah na zura. Fitila ta kawo ja, ta tsaya cak, ba ƙiftawa. Ƙaramar fankar cajar ta fara juyawa, sautin da rabona da ji kwana shida. Na miƙe tsaye ban sani ba, na koma na zauna, na sake miƙewa. Muka zauna gadinsa kusan awa guda, Mama da Injiniya suna hirar haihuwa da tsadar makarantar yara, ni idona a kan fitila. Da ta juye koriya na ɗora batirin a inji, na ɗauki wani guntun katako a ƙofar shagon, na danna. Sukuru ya nutse har wuya cikin ƙiftawar ido. Na sa na biyu, na sa na uku, sai da Injiniya ta ce in tsaya haka, katakon ƙafar bencinta ne da take shirin gyarawa. Kafin mu tafi na gyara mata bencin, duk ƙafafun huɗu.

Ta yi min gargaɗi uku a tsaye: kada in bar shi a kan kwano cikin rana, kada in sa shi a caja yana da zafi sai ya huce, kada in matse shi har ya mutu murus sannan in ajiye. Abin da ta karɓa bai kai rabin abin da na ƙulla a aljihu ba.

Mun samu motar la'asar. Hadarin da na yi ta tsoro ya bi ta kudu ya bar mu, sai iska mai sanyi. Muka iso gida ana kiran magariba, mutane a ƙofar asibiti suna jiran labari. Na ɗaga injin sama na danna, ya yi kukansa, dattawa suka yi ta sa albarka.

Kwana biyu na ƙarasa rufin, injin ɗaure da igiya a ƙuguna. A rana ta uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗaga kai ina neman inda zai ɗiga, ban samu ba, har Mama ta kore ni waje don an kawo mai naƙuda.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya bai tsaya kan batir ba. Na ga bambancin mai gyaran da ke aunawa da mai cinta, na kuma ga yadda mutum ke wahalar da mai taimakonsa saboda 'yar kunyar da ba ta kai ta kawo ba. Jiya wani maƙwabcina ya kawo min kujera ƙafa a karye, ya rantse ita kaɗai ta karye tana ajiye a ɗaki. Na ba shi wuri ya zauna, na miƙa masa ruwa, na ce, "Ba komai, Malam. Faɗa min dai wanda ya hau kanta."