Malam Sake-Faɗi, Mai Koya wa Injiniyoyi Magana

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1946, a gidajen ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mahaifinsa direban jirgi, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya taso da in'ina mai tsanani, wadda ta tilasta masa auna kowace magana kafin ta fito, kuma a haka ya kammala karatun injiniyan gine-gine a 1971.

Aure

A 1974 ya auri 'yar maƙwabcinsu, tela, wadda takan ce ta amsa masa tun bai ƙarasa tambayar ba, don kada rana ta faɗi suna tsaye.

Koyarwa

Bayan wasu shekaru yana gina gadoji, ya koma jami'a a 1978, inda ya ƙirƙiro darasin tunani da bayani, a wani ɗakin zane mai dogayen tebura da tsohuwar fanka mai kuka. Ɗalibi zai cika allo da lissafi, Malam ya ce, "Ɗana, kakarka ce za ta tsallaka gadar nan. Sake faɗi, yadda za ta yarda ta hau." Daga nan laƙabin ya bi shi.

A 1993 majalisar tsangaya ta ƙuduri aniyar soke darasin, bisa hujjar cewa surutu ba aikin injiniya ba ne. Da aka ba shi damar kare darasinsa, in'ina ta sarƙe shi, ya koma ya zauna. Sai wata tsohuwar ɗalibarsa, injiniyar madatsar ruwa da aka gayyato zaman, ta miƙe ta ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, bara da madatsa ta tsage, ba lissafina ya fitar da mutane daga gidajensu ba. Bayani na yi, suka gane, suka tashi. A ɗakin Malam na koya." Aka bar darasin.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2011, ya koma renon jikoki da gardama da rediyo. Allah ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeruwar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa, tsofaffin ɗalibansa masu furfura suna rige-rigen ɗaukar makara. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: likitan ido, lauya, matuƙin jirgin ruwa, sai auta, wadda ke koyarwa a makarantar kurame.