Irin Geron Tozai

A shekarun farin nan ni ke riƙe da siton hatsi a Isa. Duk takardar fitar da kaya kan teburina take kwana, kuma buhu ko ɗaya ba ya fita sai na buga mata hatimi. Tsarina shi ne in tara takardun hanya ɗaya har su cika mota, sannan in sake su gaba ɗaya. Ina ji da tsarin nan ƙwarai, har gori nake wa abokan aiki.

Takardar garin Tozai buhu huɗu ce kacal, na irin gero. Na ajiye ta gefe tana jiran 'yan uwa.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya shigo, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Shi mutanen garin suka aiko. Muka gaisa, ya ce, "Malam, irin nan muka zo biɗa."

Na ce, "Haba Baba, mi ne na gaggawa? Ko ɗigon ruwa bai sauka ba. In mota ta cika za ni sake muku."

Ya ce, "Ɗana, binne za mu yi."

Binne kuwa na san shi sarai, don da hannuna na yi shi a gonar mahaifina: a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya kwanta, ruwan farko ya same shi a ciki. Amma kujera ta shiga kaina. Na ce ya dawo mako mai zuwa.

Bayan kwana uku aka yi ruwa, irin mai cika kududdufi. Wanda ya yi binne ya ga tsiro. Na buga hatimin a gigice, amma kafin buhunan su isa ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwan da ya biyo baya bai isa ya raya sabuwar shuka ba. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Da kaka, lokacin da ya kamata ya kasance yana ɗaure dammuna, sai ga shi cikin layin masu karɓar tallafin abinci. Na tsallake takardun kowa na zaro tasa, na buga hatimi nan take.

Ya karɓa, ya daɗe yana duban ta. Babu faɗa a muryarsa.

Ya ce, "Yau kam ka yi sauri, ɗana."