Ranar da Kaka Ta Leƙa Wata

Gidanmu na unguwar Television gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, kuma a tsakar gidan nan Kaka ta kafa murhunta. Mahaifiyar Baba ce. Ya ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar kakanmu, ta iso da tukunyarta da kujerarta 'yar tsugunno, ta ce ita ba za ta ci tuwon risho ba. Da an gama cin abinci sai ta tura gyaɗa cikin rushi, mu yaran gidan mu kewaye ta. Takan ce, "Baƙuwa ta iso bakin ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Daga nan tatsuniya ta fara.

A shekarar da na shiga sakandare ne hankalina ya rabu biyu a bakin wutar nan. Malamin kimiyya ya zana mana a allo yadda ake amfani da gilashi biyu da bututu a jawo wata kusa, ni kuwa na ɗauki abin na ɗora a kai. Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri, shi ya kawo min kwalayen da ake naɗe yadi a jikinsu. Ƙaramin gilashin kuma Malam Sani mai gyaran agogo a Makera ya ba ni, tsohon gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya ce, "Saratu, agogon wa za ki gyara a sama?" Babban gilashin ne ya gagara, sai na tuna da tabarau ɗin da aka ba Kaka a coci, wanda ba ta taɓa sawa ba. Ina roƙa ta miƙo min. "Ɗauki, ni me zan karanta?"

Wanda bai taɓa haɗa abin nan ba ba zai san baƙin cikinsa ba. Na liƙa gilashin da ƙaro, ƙaron ya shafe shi dumu-dumu. Na yanke kwalin ya yi tsawo, na ƙara yankewa ya gajarce, sai da Baba ya sake kawo wani. Ranar da na fara ganin wani abu, mangwaron maƙwabta ne kansa a ƙasa, na zauna na yi ta kuka don na ɗauka ni na juya gilashin. Wata kuwa ba ya tsayawa. Ka kama shi, ka yi numfashi, ya ɓace. A ƙarshe na ɗaure bututun a bayan kujera da robar tayar keke, hayaƙin Kaka yana shiga min ido, yara suna min waƙar tsiya.

Amma wata rana da yamma, wata yana rabi, sai ga shi ya zauna cak a cikin bututun. Na ga ramuka a gefensa, ƙanana da manya, sarai. Baba ya leƙa ya yi ta kiran sunan Allah. Maƙwabta suka yi layi. Mutum ɗaya ce ta ƙi tashi daga kujerarta, kuma ita ce na fi so ta gani, tunda da tabarau ɗinta aka yi abin. Na roƙa, na yi fushi, na ƙi cin gyaɗarta. Maimakon ta tashi, sai ta ce baƙuwa ta iso bakin ƙofa.

Ta ce a da can wata ba ya nesa. Kullum da yamma yakan sauko wani gida hira, ya zauna can bayan wuta kansa a sunkuye, haskensa ya cika gidan har mata su yi kaɗi ba fitila. Abu ɗaya ya roƙa, kada kowa ya dubi fuskarsa. To akwai wata yarinya mai shegen son gani. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya kamar za ta ba shi ya sha, ta ajiye a gabansa, ta leƙa cikin ruwan. Sai ta ga fuskar duk zanzana. Ta kwashe da ihu tana kiran mutane su zo su gani. Wata ya miƙe ya hau sama, ya yi nisan da hannu ba ya kaiwa, daga ranar mutanen gidan suka koma sayen man fitila. Kaka ta juya gyaɗarta ta ce, "Wanda ya ba ki haskensa, ki bar masa fuskarsa."

Na san da ni take, raina ya ƙara ɓaci. Na ce ai shi watan ba ya jin kunya, dutse ne. Ta ce in dutse ne me ya sa nake damun tsohuwa a kan dutse. Da ta ga ba zan bar ta ta huta ba, sai ta ce, "To, bari ya cika. Ba a leƙa mutum yana cikin rama."

Ranar da ya cika, tun fitowarsa na saita bututun. Kaka ta ce sai an ci tuwo. Aka ci. Ta ce sai an wanke kwanuka. Da na dawo na leƙa, sai na ga gefen watan ya yi baƙi. Na ɗauka kwalin ne ya goce, na kwance na sake ɗaurewa ina ƙunƙuni, na goge gilashin da bakin zane. Kafin in gama, watan ya koma ja, ya dushe. Na ce hayaƙin matatar mai ta wajen Rido ne ya taso ya rufe shi, yau ma ba sa'a. Na kamo hannun Kaka na ja ta kafin ya ɓace gaba ɗaya.

Ta sunkuya ta sa ido, ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ɗago ta dubi sama, ta laluba kafaɗata ta riƙe. A hankali ta ce, "Saratu, kada ki gaya wa babanki. Idon ya tafi. Da ina ganinsa kamar fitila a bayan zane, yau ko wannan babu." Ban taɓa jin tsoro a muryarta ba sai ranar. Ba ta san Baba yana tsaye a bayanmu ba.

Ana haka sai ƙarar gwangwani ta tashi daga bakin titi, yara suna ihu wai wata ya yi zazzaɓi, rana ta kama shi. Kaka ta kasa kunne. "Watan ne? Ba ni ba ce?" Ta fashe da dariya har da hawaye. Kafin in ankara ta fizgo bututuna daga jikin kujera, ta kifa daro, ta shiga jibgar daron da shi tana yi wa rana faɗa ta saki ɗan mutane. Ina kallo gilashin Malam Sani ya yi tsalle ya faɗa wuta, na tabarau ya tarwatse a ƙasa. Na yi ihu har muryata ta dushe, amma wa zai ji ni a cikin wannan kiɗa.

Cikin satin nan Baba ya kai ta asibiti tana turjewa. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, aka yi wa na dama aiki ya buɗe. Na hagu kuwa an bar shi ya daɗe har wani ciwon ya shiga, ba abin da za a iya yi.

Sai da na girma na gane ba wata take karewa da tatsuniyar nan ba. Kanta take roƙa wa. Tana girki da lalube, tana gane mu da murya, tana tsoron a ce tsohuwa ta zama kaya a gidan ɗanta. Na fahimce ta, amma har yau ban yarda da ita ba, ina bayan yarinya mai ƙwarya. Da wani a gidanmu ya yi rashin kunyar leƙa fuskar Kaka tun da wuri, da ta mutu da idonta biyu. Bututun na daɗe da yafe mata. Idon hagun nan ne har gobe nake jin haushinsa.